Masu riƙe da alƙaluman Damagaram masta suke buƙata, ba wani taron kwana uku ba

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 17,138,707 a Nijar, kuma 3,539,764 daga cikinsu a jihar Damagaram suke. Babu jihar da ta kai mu yawa, Maraɗi da Tawa suna biye. Tun daga ranar da aka fitar da wannan adadi, duk lissafin da aka yi a kanmu daga gare shi aka ɗora: yawan allurar rigakafin da za a aiko gundumar Magariya, yawan azuzuwan da Mirya ke buƙata, buhunan hatsin da za a sayar da rahusa a Tanut in bazara ta yi tsanani. An wuce shekara goma ana ƙara wa lambar 2012 wani kaso kowace shekara, ana cewa ga yawan mutanen bana. Tsakanin 2001 da 2012 jama'ar ƙasar sun riƙa ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato in aka ci gaba a haka cikin shekara 18 za su ninka. A ƙasar da ke ƙaruwa da wannan sauri, ɗan kuskuren da aka yi a hasashe ba ya zama ɗan kaɗan, girma yake yi tare da yaran.

Tambayata ita ce: a duk ma'aikatun jihar nan, mutum nawa ne aka koya wa yadda zai zauna da irin wannan adadi, ya juya shi, ya ce nan za a iya dogara da shi, nan kuma ba za a iya ba? Ra'ayina shi ne ƙasa ta buɗe karatun masta na ƙididdiga a nan Damagaram, na shekara biyu, domin ma'aikatan da alƙaluman gwamnati ke bi ta hannunsu kullum, su yi shi suna kan aikinsu. Kuɗin kuma a ɗebo shi daga abin da ake kashewa a tarurrukan ƙara wa juna sani.

Masu tattara bayani ba su yi mana kaɗan ba. Manjo a kowace CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na yanki, yana da manyan littattafan da yake cikewa, na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi, na tamowa, ƙarshen wata ya haɗa rahoto a shigar a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙera wadda ƙasashe da dama ke amfani da ita. Daraktan makaranta yana cike takardar ƙididdigar shekara. Malamin gona yana auna gonakin gwaji da kaka. Masu bin kasuwanni na SIMA, tsarin bin diddigin farashin kayan gona, suna rubuta farashin gero da dawa da wake mako-mako. Duk wannan gumi yana hawa sama, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, daga nan ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Can ake tace shi, bayan watanni ya dawo a matsayin littafi mai kauri da Faransanci, wanda mutumin da ya cike layin farko da hannunsa ba lalle ya taɓa buɗewa ba. Shi aikinsa aikawa ne. Karantawa aikin wasu ne.

Ga abin da hakan ke haifarwa, kuma duk wanda ya taɓa zama a taron bitar rigakafi ya san irin wannan lissafi. A ce hasashe ya ba wata CSI yara 1,000 da za a yi wa allurar ƙyanda a shekara. Ma'aikatan suka yi ƙoƙari, suka yi wa 1,150. A takarda sun cika kashi 115 cikin ɗari, a tafa musu. To amma ba a yi wa yaro allurar farko sau ɗaya da rabi. Wannan 115 ɗin ba yabo ba ne, ƙararrawa ce, tana cewa lambar da aka raba da ita ba daidai take ba. Idan yaran da ke yankin a gaskiya 1,500 ne, saboda an fi hasashe haihuwa, ko saboda mata na tsallako iyaka daga ɓangaren Daura ko Ɓaɓura ko Maigatari da goyonsu, kamar yadda namu ma ke tsallakawa can, to kashi 77 kawai aka yi wa, yara 350 suna nan ba kariya. Ƙyanda kuwa sai an kai wajen kashi 95 kafin ta rasa hanyar yaɗuwa. Bayan wata shida cuta ta ɓarke a yankin da takarda ta ce an gama da shi, sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, a ce sanyin firji ne ya lalace, a ce iyaye ne suka ƙi. Mai yiwuwa. Amma wanda ya san aikinsa tun ranar da ya ga 115 zai nemi kuɗin mai ya fita ƙauyuka ya yi ɗan bincike gida-gida, ya duba katin yara, ya gwada da abin da littafi ya ce.

Sanƙarau ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'auni: in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako ɗaya, a shiga shiri, in suka kai 10, annoba ce, a nemi allura a fara. Ma'aunin nan gaba ɗayansa rabawa ce, kuma abin da ake rabawa da shi yawan jama'a ne. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar nan, 18 suka rasu, kuma gundumomin kudu irin su Dungas da Magariya da Matamai suna ciki. A irin wannan lokaci mako ɗaya rai ne. Idan an kumbura yawan jama'ar wani yanki, ƙararrawa za ta makara. Idan aka haɗa babbar gunduma a lissafi ɗaya, ƙauyuka uku da cuta ta cinye za su ɓace cikin sauran, shi ya sa ƙa'idar ta ce a rarraba manyan gundumomi zuwa ƙananan yankuna. Wannan hukunci ne da ya kamata a iya yankewa a Dungas da safiyar Litinin, ba a jira waya daga Yamai ba.

Sai batun samfuri. Mai sayen hatsi a kasuwar Dole ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya, amma kuma ba ya yarda da abin da ke bakin buhun; yana soka ƙarfe a sama, a tsakiya, a gindi, ya duba a tafin hannunsa. Binciken tamowa na SMART da ake yi a ƙasar nan a kan wannan hikima yake tafiya, sai dai shi yana da lissafin da ke faɗin iyakar abin da tafin hannun zai iya shaida. A ce an auna yara 400, aka samu kashi 13 cikin ɗari suna da tamowa. Gaskiyar abin tana iya kasancewa ko'ina tsakanin 10 da 16, kuma tunda ƙauye-ƙauye ake ɗibar yaran ba ɗaya-ɗaya ba, tazarar ta fi haka faɗi. Kashi 15 shi ne layin da ake kira halin gaggawa. Wato lambar nan guda tana iya nufin muna ƙasa da layin, tana iya nufin mun tsallake shi. Amma a ɗakin taro za ka ji an ce bara 14, bana 13, an samu ci gaba, a rubuta a jawabi. Babu ci gaban da waɗannan lambobi biyu suka tabbatar, babu kuma koma-baya. Rahotannin suna ɗauke da tazarar kuskuren a cikin baka kusa da kowace lamba. Ba a karanta ta ne domin ba a koya wa kowa cewa ita ce rabin labarin ba.

Ko matsakaici da kowa ke ganin ya iya. Gida goma a unguwa, tara suna da awaki bibbiyu, na goma yana da 82. Matsakaici ya ce kowane gida na da awaki goma, unguwar ba ta buƙatar taimako.

Wanda ke ganin wannan gardamar malamai ce ya tuna 2005. Fari da fara sun taɓa daminar 2004, aka lissafa giɓin cimaka wajen tan dubu 223, adadin da bai kai a ce ƙasa ta shiga uku ba in aka gwada shi da abin da aka noma. Idanun masu sa ido sun fi karkata ga arewa, yankin makiyaya da inda amfanin gona ya gaza. Sai ga yara masu tsananin tamowa suna ta fitowa daga kudancin Maraɗi da kudancin Damagaram, inda ake kira rumbun ƙasa. Hatsi yana kasuwa, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka, wanda ya riga ya sayar da nasa da kaka don biyan bashi, ga ƴan kasuwa suna bin farashi mai tsoka zuwa Najeriya. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a wannan shekara. Alƙaluman farashi suna nan, ana tattara su. Littattafan asibiti suna nan. Lissafin amfanin gona yana nan. Kowanne a ofishinsa. An gyara abubuwa da yawa tun lokacin, tsarin Cadre Harmonisé na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, yanzu yana haɗa noma da farashi da tamowa a tebur ɗaya, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana da hannu a ciki. Amma teburin yana buƙatar mutanen da suka zo daga Kance da Gure da Balbeji da ƙarfin yin gardama da hujja, ba masu miƙa takarda su koma kujera ba.

Za a ce ai akwai makarantun ƙididdiga. Akwai, kuma nagari ne. ENSEA a Abijan, ISSEA a Yawunde, ENSAE a Dakar, ga IFORD a Yawunde mai horar da masana yawan jama'a. Ana shiga ta jarrabawar gasa mai wuya, waɗanda suka fito injiniyoyin ƙididdiga ne na gaske, kuma da irinsu Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, wadda dokar 2004 ta kafa, take gudanar da manyan bincikenta. Su suka yi binciken 2012 da ya nuna mace ɗaya tana haihuwar yara 7.6, su suka yi na 2021 da ya nuna an sauko zuwa 6.2. Ban raina wannan hanya ba, a ƙara ma yawan masu bin ta. Sai dai hanya ce ta matasa masu ƙarfin lissafi da suka fito daga lise ko lisansi, ƴan kaɗan a shekara, kuma in sun dawo Yamai ce ke riƙe su, ko bankuna, ko ƙungiyoyin duniya. Ba a yi ta don mutum mai shekara arba'in da mata da yara, wanda ya yi shekara goma sha yana riƙe da rahotannin wata gunduma, ya san wace CSI ce ke cike takarda a ƙarƙashin bishiya ranar da za a aika, ya san watan da mazan yankinsa ke tafiya ci-rani Libiya ko Kano, da gidajen da matansu suka nufi Aljeriya. Wannan sanin ba a koyar da shi a Abijan. Abin da ya rage masa kayan aiki ne.

Shi kuma me ake ba shi? Taron kwana uku. Otal, allon majigi, shayi da ƙarfe goma, jaka mai tambarin mai ba da kuɗi, perdiyam ranar ƙarshe. Ba na zargin wanda ya je. Albashi ba ya kai wata, kuma wanda aka gayyata bai yi laifi ba. Amma a faɗi gaskiya, abin da ake koya a waɗannan tarurruka shi ne inda za a danna. Wannan proje ya zo da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, wancan ya zo da tasa manhajar, kowanne ya horar da mutum yadda zai cika masa nasa ramin. Ba a koyon tunanin ƙididdiga a kwana uku, kamar yadda ba a zama ungozoma a kwana uku. Yana son watanni ana ba mutum bayanai masu datti, ya yi kuskure, malami ya maido masa, ya sake. Akwai ma'aikatan da takardun shaidar halartar taro suka cika musu akwati, babu ko ɗaya da ta ƙara musu matsayi ko ta ba su ikon cewa wannan lamba ƙarya take.

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne a duniya, maƙwabtanmu ma sun yi. A 2008 Najeriya ta buɗe shirin horar da masu bin diddigin cututtuka, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan: masta na shekara biyu, kaso kaɗan a aji, mafi yawa a bakin aiki. Ɗaliban shirin suna cikin waɗanda suka shiga ƙauyukan Zamfara a 2010 lokacin gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara, suna kuma cikin waɗanda suka bi sawun masu Ebola a Legas a 2014. Wannan na lafiya ne kawai. Namu ya kamata ya haɗa mai lafiya da mai ilimi da mai noma da mai kiwo da mai kula da kuɗin ƙaramar hukuma a aji ɗaya, domin rabuwarsu ce ta cuce mu a 2005.

Wurin yi kuma akwai shi: Jami'ar Damagaram, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi André Salifou, masanin tarihi ɗan garin nan. A tsara karatun yadda ma'aikaci zai zo mako ɗaya ko biyu ya koma bakin aikinsa da aikin gida, ko a yi amfani da ƙarshen mako ga na cikin gari. Shekarar farko a koyar da tushe: yadda ake zaɓen samfuri, tazarar kuskure, hasashen yawan jama'a, gano bayanin da aka ƙirƙira, zana taswira, da rubuta shafi ɗaya da gwamna ko prefe zai karanta ya gane. A yi da manhajar lissafi ta R da ta taswira ta QGIS, waɗanda kyauta ne kuma suna aiki ko babu intanet, kada a ɗora wa mutum manhajar da lasisinta ya fi albashinsa. Shekara ta biyu kundin kowa ya zama a kan bayanan ofishinsa, tambayar kuma shugabansa ya sa hannu a kanta. Me ya sa ƴan mata ke raguwa tsakanin aji shida da kwaleji a wannan gunduma fiye da waccan? Rijiyoyi nawa ne a takarda, nawa ke ba da ruwa a watan Afrilu? Garin da ya yi shekara da shekaru yana fama da ƙishirwa ya cancanci wanda zai iya lissafa masa lita nawa kowace unguwa ke samu.

Akwai darasin da ba za a same shi a manhajar da aka kwafo daga Faransa ba, kuma shi ne dalilin da ya sa nake son a yi abin a nan. Manominmu da dami yake lissafin abin da ya noma, damin Tanut kuma ba lalle ya yi nauyin na Magariya ba. Mai awo da tiya take sayarwa, tiya kuma tana da tozo, tana da shafe, ana ɗaukarta wajen kilo biyu da rabi na gero amma sai an auna a san ta wace kasuwa ce. Uwa da yawa ba ta da takardar haihuwar ɗanta, sai an bi da ita ta azumi da sallar layya da kaka kafin a san watanninsa, kuma kuskuren wata uku yana iya mai da lafiyayyen yaro mai tsumburewa a lissafi. Manya kuwa shekarunsu na taruwa a 30 da 35 da 40, abin da masana yawan jama'a ke da ma'aunin gane shi da hanyar gyara shi. Takardar tambayoyi da Faransanci ake rubuta ta, a baki kuma ake yin ta da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci ko Tubanci, kowane mai tambaya da yadda ya juya ta. Ga tsohon tsoro: tun zamanin Nasara ƙirga kai haraji yake jawowa, ƙirga shanu kuma jangali, don haka makiyayi a Tesker bai ga dalilin gaya wa baƙo yawan raƙumansa ba. Yau kuma an samu kishiyarsa, in aka ji rabon taimako ne gida mai mutum bakwai sai ya zama sha biyar. Duk wanda zai karanta alƙaluman jihar nan sai ya san ta wane gefe kowace lamba ta karkata.

Na san abin da za a ce. Ina malaman? Ba su da yawa, gaskiya ne. Amma INS tana da reshe a jihar nan, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da malamai, akwai ƴan ƙasa da suka fito daga makarantun da na ambata suna aiki a wurare daban-daban, ga AFRISTAT a Bamako wadda aikinta ke nan, taimaka wa ƙasashe su ƙarfafa ƙididdigarsu. Malamin da zai zo mako biyu ya koyar ya koma ya fi sauƙin samu a kan wanda za a ce ya tare. Ɗalibi ashirin a zango ya isa a fara.

Za a ce in sun samu takardar za su gudu zuwa ƙungiyoyi masu biyan albashi mai tsoka. Wasu za su tafi. A sa su sa hannu kan shekarun da za su yi wa gwamnati aiki, wanda ya karya ya biya. Amma abin da ya fi riƙe mutum shi ne takardar ta yi masa amfani a inda yake: ma'aikatar kula da ma'aikata ta amince da ita, matsayi ya ƙaru, albashi ya motsa. In ba a shirya yin wannan ba, gara kada a fara, don za a horar wa wasu ne da kuɗin talakawa.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na masu cewa matsalar ba rashin sani ba ce, rashin so ne. Akwai shugaban da ba ya son lamba mai ɗaci. A 2005 hukumomin ƙoli sun daɗe suna musun cewa akwai yunwa. A ƙasa kuma, inda kuɗi ko yabo ke bin sakamako, hannu yakan yi nauyi wajen rubutu. Masta ba ta maganin wannan. Sai dai ma'aikacin da kawai yake jin a jikinsa cewa lambar ba daidai ba ce, da tsawa ɗaya ake rufe masa baki. Wanda zai iya buɗe kwamfuta ya nuna cewa CSI huɗu sun aiko da lamba iri ɗaya wata uku a jere, ko cewa allurar da aka ce an yi ta fi kwalaben da aka karɓa daga ma'aji, shi sai an nemi wata dabara. Kuma in su ashirin ne da suka yi aji ɗaya, warwatse a gundumomi goma na jihar, suna da lambar wayar juna, ba shi kaɗai ba ne. Dokar ƙididdiga ta tanadi sirrin wanda aka yi wa tambaya. Ya kamata a koyar da wannan da gaske, domin sunayen masu cuta da na masu karɓar taimako suna yawo a WhatsApp fiye da yadda ya dace. A ƙara da kariya ga ma'aikacin da ya ƙi canza lamba, kada washegari ya ji an mai da shi can bayan Tesker.

Kuɗi kuwa, a tambayi kowace ma'aikata a jihar nan da abokan hulɗarta nawa suka kashe bara a hayar ɗakin taro da abinci da perdiyam na horo kan tattara bayanai. Su haɗa jimillar, su ware kashi ɗaya cikin huɗu. Sharaɗi ɗaya zan ƙara: duk wanda ya gama kundinsa, bayan ya kare shi gaban malamai, ya koma gundumar da ya ɗebo bayanan ya yi bayaninsa da harshen mutanen wurin, gaban hakimi da masu gari da manjo da daraktocin makarantu, su ce masa inda ya yi daidai da inda aka yi masa ƙarya.